Kunyar Rabi Ba Shaida Ba Ce

Zuwa ga Hajiya Shugabar Kwamitin Gasar Sarauniyar Ado ta matanmu mazauna Doha,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da sauran 'yan kwamiti. Sunana Hajara, ina yin lalle a wani shagon kwalliya a Al Thumama. Ni ce yayar Rabi, uwa ɗaya uba ɗaya, doguwar nan da kuka fitar daga gasa washegarin Babbar Sallah. Na kira ki, na tura saƙo, shiru kake ji. Shi ya sa na kawo maganar dandalinmu na waya, tunda a nan aka fara ta.

Na farko, ni na sa ta shiga. Rabi ba 'yar gayu ba ce. Aikinta gadi a wani babban kanti a Al Gharrafa, tana tsaye a ƙofar mata tana duba jakunkuna da jikin masu shiga. Tsayin babanmu ta ɗauko har da muryarsa, tun muna Gusau ake tsokanarta da soja. Na ce mata kullum kaki, kullum hula, ta sa leshi ko sau ɗaya ta ga kanta a madubi. Da ƙyar ta yarda. Ni na zana mata hannu, ni na ɗaura mata kallabi, kuma wallahi ta yi kyau. Wannan ne abin da yake cin raina har yau.

Na biyu, na san abin da ya tsorata ku. Duk mun ga bidiyon da ake ta turowa na gasannin wasu ƙasashe, inda waɗanda aka haifa maza suka sauya jinsi suke shiga tare da mata. Wasu na cewa an tauye mata, wasu na cewa su ma a ba su dama. Ni ba malama ba ce, ban zo ba da fatawa ba. Gasar taku ce, in kun ce sai wadda aka haifa mace, ba wanda zai hana ku. Amma ai sai a faɗa tun farko, a faɗi yadda za a tabbatar, ya hau kan kowa. Ba ku yi haka ba. Sai da wata ta ga hoton Rabi cikin kaki ta yi raɗa a kunnen wata, sannan dokar ta faɗo, kuma a kan mutum ɗaya ta faɗo.

Na uku, abin da ya faru a bayan ɗakin taro. Ana gab da kiran sunaye, kuka tura dattawan matan nan biyu da muke kira su yi wa masu jego wanka, suka ja ta zuwa banɗaki. Ta nuna musu katinta na zama a ƙasa, an rubuta mace. Suka ce yanzu a duniya har kati ana sauyawa, ta dai sauke zanenta su gani da ido. Hajiya, ke ma Bahaushiya ce. Wace 'yar mutunci ce za ta kwance zane a banɗakin haya, ƙofa ba sakata, 'yan mata na leƙe? Ni da na goya ta, na yi mata wanka tana jaririya, ba ta taɓa sauya kaya a gabana ba tun da ta girma, ga shi ɗakinmu ɗaya. Ta ƙi, ta ɗauki jakarta ta fita. Sai kuka ce ƙin nan shi ne shaida. Kunyar da iyayenmu suka koya mana ita kuka riƙe a matsayin laifi. Ina cikin ɗakin taron ina gyara wa wata ƙunshi, ba wanda ya ce a kira yayarta.

Kuma bari in faɗi wata magana ko da za a zage ni. Ko da a ce zarginku gaskiya ne, ɗan Adam ne a gabanku. Ana iya ce wa mutum ba ya cikin gasa a asirce, ya tafi da mutuncinsa.

Na huɗu, kafin gari ya waye saƙon murya ya zagaye wayoyi, wai an kama namiji a gasar mata. Ya isa wurin aikinta. Wata mata ta ƙi yarda Rabi ta taɓa ta a ƙofa, ta kai ƙara. Kamfanin ya san gaskiya, don da gwajin asibiti suka ɗauke ta, amma sun ce ba sa son surutu, ta zauna a gida zuwa ƙarshen wata. In maganar ba ta mutu ba, kafil, wato wanda ya tsaya mata ta zo aiki, zai soke takardar zamanta a mayar da ita gida. Kin san ƙasar nan, irin wannan zance ba abin wasa ba ne, yana iya kai mutum inda bai taɓa zato ba. Kambun roba aka je nema, ga shi abincinta na neman zubewa.

Ba kambu nake roƙo ba, ku bar wa wadda ta ci, Allah Ya sanya alheri. Ina roƙon ki rubuta da sunanki cewa kwamiti bai ga komai a kan Rabi ba, zato ne kawai, ki ba ni in kai wa kamfaninsu kafin wata ya ƙare. Ki kuma yi magana da muryarki a wannan dandali, yadda aka ɓata ta da murya. In za ku sake yin gasa baɗi, ku zauna ku tsara doka tun da wuri, kada a ƙara jan 'yar kowa zuwa banɗaki.

Mahaifiyarmu tana ta kira daga Gusau tana tambayar hoton autarta cikin leshi. Na ce mata wayata ce ta lalace. Ranar Juma'a za ta sake kira. Don Allah, Hajiya, ki taimake ni kada in ƙara yi wa uwata ƙarya.

Allah Ya rufa miki asiri duniya da lahira, Ya tsare 'ya'yanki mata daga bakin mutane, Ya ba ki ikon gyara abin da ya ɓaci.

Wassalam.

Hajara, yayar Rabi,
Al Thumama, Doha.