Kwalin Kifin da Ya Kwashe Mini Juma'a

Zuwa ga Mai Girma Manajan kamfanin nan na Jidda da ke aiko mana da daskararren kifi har gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ya kasuwa, ya haƙuri da jama'a? Allah Ya ƙara buɗi. Sunana Rabi, a unguwa Ummu Anas ake kirana, ina zaune a Hindawiyya cikin Makka, can saman dutse inda mota ke tsayawa ƙafa ta karɓa. Ban kama sunan kamfaninku ba don ba kasuwa nake son kashe muku ba, kun dai san kanku. A nan aka haife ni kuma Larabci bai gagare ni ba, amma idan raina ya ɓaci guduwa yake yi ya bar ni da Hausa. Cikin masu amsa wayarku akwai wata 'yarmu Bahaushiya, na gane ta daga yadda "to" ke kuɓuce mata a tsakiyar magana, sai ta karanta maka. Na kuma baza wasiƙar a fili don matan unguwarmu masu yin oda irin tawa su gani.

Zan fara da abin da wata za ta ɓoye. Kishi ne ya zaunar da ni rubutun nan, kuma kishin ƙanwata Zulai nake yi, wadda muka fito ciki ɗaya, na goya ta a bayana. Na san hassada ga mai rabo taki ce, kada kowa ya wahalar da kansa wajen tuna mini. Amma rabon nan ku kuka ɗauke shi daga gabana kuka kai mata, shi ya sa na zo wurinka.

Ga yadda abin yake. Tun rasuwar mahaifinmu a gidana ake cin abincin Juma'a, domin ni ce babba a mata. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune wurin yayanmu a Tandabawi, amma duk Alhamis maigidana kan ɗauko ta a tasinsa ta kwana a wurina. In wanke mata kai, in yi mata kitso, in sa mata lalle, muna hira tana ba ni labarin mutanen da suka riga mu. Washegari idan an sauko daga masallaci kowa ya hallara, 'ya'ya da jikoki da surukai, a shimfiɗa leda a ƙasa in fito da sayadiyya, shinkafar nan da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu a jera kifi a kai. Tawa ta bambanta da ta mutanen gari, don ina jefa daddawa kaɗan a ciki, in haɗa da miyar tsamiya mai yaji. Likita ya hana Inna jan nama, haƙora ma sun yi mata sallama, kifin nan shi ne abin da take ci ta ƙoshi a mako. Kuma ba a yi mata wayo a kansa. A bakin Tafkin Chadi ta yi ƙuruciya kafin iyayenta su ratsa Sudan su iso nan, da yatsa ɗaya take danna kifi ta faɗa maka halin da ya kwana a ciki.

Da can maigidana ke taho mini da kifi idan ya kai fasinja Jidda. Ciwon baya ya hana shi doguwar tafiya, shagon da muke saye kusa da mu kuma rusau ya tafi da shi, sai ɗiyata ta nuna mini ku a waya. Kwalin farko ya zo kamar dutse, kifin nan da ake kira sha'ur, fari tas an zare masa ƙaya. Inna ta ci ta sa albarka. Daɗi ya ɗebe ni, ni da hannuna na karɓi wayar Zulai na yi mata rajista, na koya mata inda ake dannawa. Da na san abin da nake shukawa da na bar ta da kajinta.

Yanzu ga ƙorafina.

Na farko, maganar isarwa. A tallarku kun ce har ƙofa. Mandub ɗinku na da, wato mai kawo kayan, yakan ajiye mota a ƙasa ya hau matakala ya ƙwanƙwasa mini, in ba shi ruwan sanyi ya yi godiya. Tun shigowar Rajab kuka canza shi, sabon kuma ya yanke wa kansa hukuncin cewa ƙofata ita ce bagalar da ke gindin dutse, kantin kayan masarufin unguwarmu. Da yana miƙa wa mai kantin hannu da hannu da abin ya zo da sauƙi, don mutumin kirki ne kuma yana da firiza. Amma shi mandub ba ya tashi isowa sai an kira la'asar, daidai lokacin da mai bagala ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Sai ya dire kwalin a jikin ƙofar ƙarfen da rana ta yini tana gasawa, ya ɗauki hoto, ya ja motarsa. Ba ya kira. Saƙon cewa kaya sun iso sai ya gama zagayensa yake turowa, mai bagala kuma yana ganin kwali a waje ya ɗauka mai shi na nan kusa. Kai mutumin Jidda ne, ba sai na ba ka labarin ranar Makka ba.

Na biyu, hoton nan. Duk kiran da na yi amsar ɗaya ce, "Ya Hajja, a wurinmu an isar, ga hoto." Ranka ya daɗe, ka sa a buɗo maka hoton Alhamis ta biyu ta Rajab ka duba da idonka. Ƙofar a kulle take da kwaɗo, a gefen dama kuma ga mage nan zaune tana jiran ya juya baya. Ita ta karɓi kayan. Idan a tsarinku wannan shi ne an isar, to ku cire sunana ku sa nata, ku riƙa cire kuɗin daga wurinta.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ranar na sauka na tarar ta yage gefen kwalin, ƙanƙara ta zama ruwa, kifin ya saki jiki. Na kira ku nan take, aka ce mini in dai da sauran sanyi babu komai, in mayar firiza. Na yarda da ku domin ku ne masu sana'a. Washegari gida ya cika, har surukar Zulai ta biyo su, matar da ko ruwa ta sha a gidanka sai ta ba da labarin kofin. Na ajiye faranti. Inna ta danna kifin da yatsa, ta kai loma ɗaya baki, ta tsame ta a hankali ta ajiye a gefe, ta ce, "Rabi, kifin nan sau biyu ya mutu." Ta ci shinkafa zalla loma kaɗan ta wanke hannu. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Sai Zulai ta ce da muryar nan tata mai laushi, "Ma'alesh, ba komai Yaya, mako mai zuwa ku zo wurina kawai kafin naki ya daidaita. Ni wallahi har cikin kicin yake shigo mini da shi."

Har cikin kicin! Mandub ɗaya, mota ɗaya, kuɗi ɗaya muke biya. Bambancin kawai ita tana Utaibiyya a bene mai lamba a bakin titi, mai na'urar hawa. Da ita yake farawa da sanyin safiya, ya ƙara mata jakar ƙanƙara, ya gaishe ta da Ummu Lina. Ni kuma sai ya gama gari ya zubar mini da nawa a rana. Daga wannan mako mai zuwan har yau da muke tsakiyar Sha'aban, abincin Juma'a bai dawo gidana ba, don kwalina bai sake zuwa a daskare ba, ni kuma ba zan sake ajiye wa uwata abin da za ta tsame daga baki ba.

Na huɗu, kuma shi ya fi ci mini rai. Zulai ba ta iya albasa ba. Ƙanwata ce, ina sonta, amma gaskiya gaskiya ce, ko ta bar ta ɗanya ko ta mai da ita gawayi. Saboda haka duk Juma'a ni ke sammako in tafi gidanta da tukunyata da daddawata in tsaya a kicin ɗinta in dafa, don kada Inna ta kwana da yunwa. Rannan kun ce masu saye su turo hoton girkinsu. Zulai ta ɗauka ta tura. Sai ga farantina a shafinku, an rubuta "Sayadiyyar Ummu Lina, sirrin gida tun kaka da kakanni." Ka duba gefen hoton, akwai hannu riƙe da cokali, da zoben azurfa a ɗan yatsa da ƙunar mai a wuyan hannu. Hannuna ne. Kun ba ta kyautar kwali duk wata har da jatan lande. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Yanzu mata na tsayar da ita a biki suna tambayar yadda ake yi, ita kuma ta koma gefe ta kira ni tana raɗa, "Yaya, daddawar nan kafin shinkafa ake sawa ko bayan?" In faɗa mata, in kashe waya, in zauna ina cizon yatsa.

Abin haushin, kifinku mai kyau ne. Da ruɓaɓɓe kuke sayarwa da tuni na tofa muku yawu na nemi wani wuri. Amma ina ganinsa a gidan Zulai, ina yanka shi da hannuna, fari, mai ƙarfi, ba ƙarni. Inna tana ci tana lumshe ido tana cewa, "Allah Ya yi miki albarka, Zulai," ni ina tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi. Ta san ni na dafa, amma a al'adarmu mai gida ake sa wa albarka. Yanzu can take kwana ranar Alhamis. Kitson da Zulai ke yi mata a karkace yake, kwana biyu ya warware. Makon jiya Inna ta ce a kai mata matashin kanta da kwalbar man zafin da ke ajiye a ɗakina. Na haɗa su a leda na ba maigidana, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Na san abin da ake faɗa a bayan idona. Yayanmu ma ya faɗa a gabana, ya ce, "Rabi, ki bar kifi ya huta, gwiwar Inna ce ta gaji da matakalarku." Wataƙila da gaskiyarsa. Na ga yadda take tsayawa tana dafa bango tun kafin Rajab, na kawar da kai. Amma shekara da shekaru tana hawa ba ta taɓa cewa ta gaji ba, don ta san abin da ke jiranta a sama. Ku kuka ba ta dalilin da za ta daina ba tare da ta ji kunyata ba. Kuma matakala ba ta da manajan da zan rubuta wa wasiƙa, ku kuna da shi.

Don haka ga roƙona, ba shi da yawa. Ba na neman ku mayar mini da ko riyal ɗaya. Kada kuma ku taɓa kyautar Zulai, tana da yara, kuma ba na so a ce ni na tsone mata ido. Kada ku kori mandub, shi ma abinci yake nema, ku dai gaya masa akwai mutane a saman dutsen nan. Idan ƙafarsa ba za ta hau ba, ya kira ni tun yana hanya, zan sa abayata in sauko in tsaya a rana in jira shi. Ku daina aiko shi a lokacin salla. Ku daina ɗaukar hoton rufaffiyar ƙofa a matsayin shaida. Hoton shafinku kuma ku bar sunanta yadda yake, ku ƙara "da yayarta" kawai, ya ishe ni.

Sai babban roƙon. Na durƙusa wa Inna na ce ta ba ni Juma'ar ƙarshe kafin azumi. Ta ce, "To Rabi, Allah Ya kai mu." 'Ya'yana maza sun yi alkawarin za su ɗauko ta a kujera tun daga gindin dutse, ƙafarta ba za ta taɓa matakala ba. Na riga na yi oda, tana nan a wurinku da sunana. Idan kwalin nan ya iso hannuna a daskare, zan dafa abin da zai sa ta tambayi mako mai zuwa da bakinta. Idan ya iso a narke, ba ni da fuskar sake gayyatar ta, kuma na san shike nan, sauran Juma'o'in da Allah Ya rage mata a gidan wata za ta yi su, ni in riƙa zuwa da sallama kamar baƙuwa.

Allah Ya yi wa kasuwarku albarka, Ya kare motocinku a hanya, Ya shirya mandub ɗinku. Idan mahaifiyarka na raye, Allah Ya ja kwananta, Ya sa a gidanka take cin abincin da ta fi so. Idan ta rigaya, Allah Ya jiƙanta, kuma ka fi kowa sanin abin da nake roƙo.

Wassalam.

Taku mai jiran Alhamis,
Rabi, Ummu Anas,
Hindawiyya, Makka.