Jan Fenti a Ƙofofin Layinmu

Kwatas na Reluwe, Kafanchan
13 ga Afrilu, 1992

Zuwa ga Yayata Lucia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗanmu Asher. Yaya zazzaɓin haƙorin nasa? Baba da Mama suna lafiya. Mama ta ce cittar da kika aiko daga Fadan Kagoma ta iso, Ubangiji ya sa albarka.

Kin ce in riƙa rubuto miki tunda bakina ba ya buɗewa a gaban mutane. To ga labari. Da aka ba yara hutu muka ta da wani wasa a layinmu, muna ce masa Jirgin Unguwa. Jirgin gaske yanzu sai a yi kwana huɗu ba a ji kukansa ba, shi ne muka yi namu. Muna taruwa a tsohon taragon nan na bayan loko, wurin gyaran jirgi, wanda ciyawa ta rufe ƙafafunsa. Kowa da sunansa da aikinsa, kuma ba a kiran mutum da sunan gida sai an tashi. Ƙawarmu Emilia ce direba don ta fi kowa murya. Ƙawata Rahmatu, 'yar Malam Jamiluddeen tela da gidansu ke kallon namu, ita ce Hajiya Mai Goro. Kullum tana hanyar Jos, kullum tana faɗa wai an taka mata kaya. Ƙananan yara su ne awaki, suna can ƙarshen igiyar da muke riƙewa a jere suna kuka. Tikiti ganyen mangwaro ne. Kowane gida tasha ne, in mun tsaya sai uwar gida ta ba mu ruwa ko gyaɗa.

Ni ce mai taswira, don aikin ba ya son magana. Na zana gidajen kwatas duka arba'in da uku a bayan tsohuwar kalandar Baba, Rahmatu kuma ta zana itatuwa.

Sai dai mun sha kunya. Ran Juma'a Emilia ta busa usur a ƙofar su Rahmatu daidai lokacin da kakarta take salla. Tsohuwar ta idar, ta fito da ruwan wanke-wanke, ta sheƙa wa direba har cikin kunne. Ran Lahadi kuma muka yi ta tsayawa a gidajen da aka kulle an tafi coci, awaki suna kukan ƙishi na gaske. Saboda haka muka kafa doka. Gidan da jirgi ba zai tsaya ran Juma'a ba, a sa masa J da alli a ƙofa. Wanda ba zai tsaya ran Lahadi ba, a sa masa L. Ni na rubuta, a ƙofa da a taswira. Kowa ya ce hannuna kamar na malamar makaranta. Na ji daɗi, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Yemima


23 ga Afrilu, 1992

Yaya Lucia,

Ina gaisuwa. Yaya kuka yi Ista? Yaya Asher? Mu lafiya, sai dai bayan Baba yana ɗan damunsa.

Ruwan farko ya sauka, ya wanke allinmu tas. Ina tsaye ina kallon ƙofofi kamar zan yi kuka, sai ga Meshak, ɗan Mama Mildred ta ƙarshen layi. Kin san shi, wanda ya tafi Kaduna. Ya dawo tun watan jiya, ba ya aikin komai, kullum yana zaune a inuwar tarago yana kallon wasanmu. Ya ce alli aikin yara ne, zai samo mana fenti. Washegari ya zo da gwangwani biyu, ja da fari. Ya ce J a yi da ja, L a yi da fari, kuma a yi su manya, don direba ta hango daga nesa.

Kwana biyu ina yi. Shi yake riƙe mini gwangwani yana bina. Babba kamarsa yana riƙe mini kaya, har kaina ya ɗan kumbura. Yana ta hira, yana tambayata wane gida ne yake da ƙofar baya, wane ne yake da samari, nawa ne. Ya ce zai ƙara wa wasan daɗi ne, za a sa ɓarayin jirgi da sojojin jirgi. Na faɗa masa duk abin da na sani.

Wasan kam ya canza. Yanzu manyan samari sun shigo, suna riƙe sanduna a gefen igiya, ba sa dariya. An kori awaki, wai suna hana gudu. Jiya Hajiya Mai Goro ta fara faɗanta na kullum, sai wani sojan ya ce mata ta sauka, taragon nan ba na 'yan ja ba ne. Ya ce wasa yake. Rahmatu ta sauka, ta ajiye ganyen mangwaronta a ƙasa, ta tafi gida ba ta waiwaya ba.

An sa ranar Asabar, tara ga wata mai zuwa, za a yi Babbar Tafiya, duk layuka a haɗe, kafin a rufe wasan bana. Da ina ɗokinta. Yanzu ban sani ba.

Mama ta ce ku yi hankali da zuwa kasuwannin nesa. Tun rigimar da aka yi wajen Zango a watan Fabrairu maganganu suna ta yawo a nan, mutane suna yin shiru in yaro ya matso.

Taki,
Yemima


3 ga Mayu, 1992

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Meshak ya ce in ba shi taswira, zai kai a buga ta da kyau a gari. Na ce tana gida. Ya ce in je in ɗauko. Na ce Baba ya kulle ta a akwati. Ƙarya na yi, tana cikin rigar matashina. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi murmushi ya ce ba gaggawa, ai ƙofofi suna nan.

Ran Alhamis Rahmatu ta same ni a famfo. Ta ce kawunta Saifullahi, mai sayar da kayan keke a kasuwa, shi ma ya ce ta aro masa taswirar, wai yana son ganin zanenta na itatuwa. Ta ce tun da aka haife ta bai taɓa tambayar ko ta iya riƙe fensir ba. Ba mu lura ba har bokitinta ya cika yana zuba.

Ran Juma'a da rana tsaka wasu mutum biyu suka shigo layinmu a babur. Ba 'yan nan ba ne. Suna tafiya a hankali, ba su gaida kowa ba, ba su tambayi gidan kowa ba. Na bayan yana duban ƙofofi yana motsa baki. Jiya wasu biyun dabam suka zo a ƙafa, shigarsu ba irin ta na farko ba, su ma ƙofofin suke kallo.

Yaya, kin tuna lokacin ina aji huɗu, da aka hana mu fita kwana uku, hayaƙi yana tashi ta wajen gari? Kin tuna matar Malam Jamiluddeen ta kwana a ɗakinmu da Rahmatu, daga baya mu kuma muka kwana a nasu? A lokacin wanda ba ɗan kwatas ba bai isa ya ce ga gidan wane ba, duk ƙofofinmu iri ɗaya ne, kore, shekara da shekaru. Yanzu ko makaho aka ja ya shigo layin nan, ɗan jagoransa zai karanta masa. Kuma ni na rubuta.

Na ɗauki fasasshiyar kwalba na je ƙofar su Rahmatu lokacin da kowa ke ciki. Na kankare har yatsana ya yi jini. Fentin ya shiga katako. Jan ya ragu, amma J ɗin ya ƙara fitowa, ya zama rami.

Sau biyu ina zuwa shagon Malam da zanen Mama wai a yi masa kalmasa. Ya tambaye ni ko akwai wani abu, 'yata. Na ce babu. Baba kuma in na buɗe baki a gabansa sai maganar ta maƙale. Ina tsoron ya ce ni na jawo. Ki yi mini addu'a.

Yemima


11 ga Mayu, 1992

Zuwa ga Yayata Lucia,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da maigida da Asher. Na sami amsarki ta hannun direban citta. Kin ce in bakina ya ƙi, in miƙa takarda. Haka na yi.

Ran Alhamis da yamma Baba da Malam Jamiluddeen suna zaune a benci ƙarƙashin mangwaro kamar kullum. Na je na durƙusa, na shimfiɗa taswirar a gabansu. Da suka zuba mata ido maimakon ni, sai maganar ta fito. Na faɗi ta fenti, da tambayoyin Meshak, da na Saifullahi, da masu babur. Baba bai yi faɗa ba. Da farko ma ya ce ai kowa a nan ya san wanda ke zuwa masallaci da wanda ke zuwa coci, harafi bai ƙara komai ba. Malam ya daɗe yana shafa takardar, sannan ya kira sunan Baba ya ce, "Kumai, mu mun sani. Wannan ba don mu aka rubuta ba, don baƙi ne."

Baba ya tashi ya je ya duba ramin da na yi a ƙofar su Malam. Ya ce ko an shafe da sabon fenti sawun zai nuna. Ya shiga ɗaki ya fito da awonsa na kafinta, ya auna ƙofarsu, ya tsallako ya auna tamu. Ya ce shekara ashirin da biyu yana gyaran ƙofofin kwatas ɗin nan, duk awo ɗaya aka yanka su.

Ran Asabar yara suka cika bayan loko don Babbar Tafiya, sun fi sittin. Meshak yana nan da sojojinsa. Baba ya ce wasanmu ne, ni zan faɗa. Yaya, na hau bakin tarago. Emilia ta ba ni usur na busa. Na ce yau jirgin kaya ne, ba na fasinja ba, kuma a dawo da awaki. Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, sauran Emilia ta ƙarasa da muryarta.

Tasha ta farko gidanmu. Baba ya kwance ƙofarmu mai farin L, yara takwas suka ɗauka a ka, direba tana usur, awaki suna kuka, muka tsallaka da ita gidan Malam. Muka ɗauko tasu mai jan J, Baba ya ɗaura a gidanmu. Hajiya Mai Goro ta dawo, tana bin ƙofar gidansu tana masifa wai a yi hankali da kayanta, daga Jos ta sayo. Mata suka fito suna dariya. Wasu da suka gane sai dariyar ta tsaya.

Mama Mildred ce ta biyu. Ita da kanta ta zo ta ce a kai tata gidan da Saifullahi yake haya, a kawo mata tasa. Mai gidan ya yarda. Meshak ya ce mata wannan hauka ne, ba ta san abin da take yi ba. Ta ce masa, "Ka san wani abu ne da ban sani ba? Faɗa mini a nan." Baba ya miƙa wa Meshak ƙofar ya ce ya riƙe masa ya buga ƙusa. Ya riƙe. Na ga jan fenti daidai fuskarsa, a ƙofar ɗakin da uwarsa ke kwana. Saifullahi ya dawo daga kasuwa ya tarar da farin L a tasa, ya tsaya da kekensa ya daɗe bai shiga ba.

Gida goma sha shida suka yi musanya kafin bayan Baba ya hana shi. Wasu sun ƙi, sun ce ba ruwansu, wasu sun rufe ƙofa da muka zo. Baba ya ce ba komai, ya isa a ce harafin ya daina faɗin gaskiya.

Ban san ko ya isa ba. Meshak ya bar gari jiya da safe, bai sallami uwarsa ba. Masu babur sun sake zuwa yau. Sun tsaya a gaban gidanmu, Mama tana tsakar gida tana rera waƙar zumuntar matan coci tana tankaɗe. Na bayan ya dubi ƙofa, ya saurari waƙar, ya sake duban ƙofa. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, suka juya. Malam ya aika matarsa da ƙananan yara Kasuwan Magani wurin 'yan'uwa, amma shi da Rahmatu da tsohuwa suna nan. Tsohuwar ta ce ba inda za ta, sai dai ta gargaɗe mu kada wani ya zo mata da wa'azi don ya ga L.

Ga taswirar na naɗe cikin wasiƙar nan. Baba ya ce in ƙona, na kasa saboda itatuwan Rahmatu. Ki ɓoye ta can ƙasan akwatinki, kada ki nuna wa kowa, kada ki dawo da ita.

Mama ta ce kada ki zo yanzu, ki bari sai an ga yadda watan nan zai ƙare. In kin zo kuma, kada ki ruɗe. Ƙofa mai jan J da rami a jikinta ita ce tamu. Ki kira sunana tun daga waje kafin ki ƙwanƙwasa, don yanzu ba ma buɗewa sai mun san murya.

Ubangiji ya tsare ku, ya tsare mu duka.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Yemima Kumai