Sabuwar Gwiwar Maigidana Tana Neman Raba Dangina

Hajiya Mas'uda, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don ban san inda zan gutsure ta ba. Mutum biyu na gaya wa damuwata. Ɗaya ta yi dariya har da riƙe ciki, ɗayar ta ce in nemi mai ruƙiyya. Ni kuwa ba abin dariya ba ne a wurina. Yau wata biyu ke nan yayana da ƙanwata ba sa gaisawa, kuma gwiwar mijina ce sanadi.

A Azare muke zaune. Maigidana, wanda zan kira Malam kawai, shekararsa sittin da bakwai. Malamin firamare ne da ya yi ritaya, amma ba da koyarwa aka fi saninsa ba, da awon gona aka san shi. Fiye da shekara talatin, in an yi rasuwa a ƙauyukan nan malamai sun gama lissafin gado, shi ake ɗaukowa ya taka gonar da ƙafa ya fitar wa kowa nasa. Daga Bulkachuwa zuwa Disina har wajen Gamawa an san takunsa. An yarda da shi ne don ba a taɓa jin ya karkata wa wani ba, ko da ɗan uwansa ne.

Gwiwarsa ta dama ta daɗe tana ciwo. An yi gashi, an yi allura, an sha sassaƙe, ƙafar dai sai ƙara lanƙwashewa take, har ta kai da ƙyar yake zuwa masallacin unguwa. Bara ɗanmu Najmuddeen, da ke aiki a Abuja, ya kai shi Indiya aka canza masa gwiwar, aka sa ta ƙarfe da roba. Wai da mutum-mutumi aka yi aikin, wani hannun ƙarfe mai yanka ƙashi. Kafin a sallamo shi likitan ya nuna masa hoto a kwamfuta, ya ce masa na'urar nan da wuya ta kuskure fiye da milimita ɗaya, wato kamar kaurin farce. Hajiya, da likitan nan ya san wanda yake gaya wa wannan magana, da ya yi shiru.

Da farko sai hamdala. Wata huɗu da dawowa Malam ya ajiye sanda. Ran nan ya dawo daga Azahar ya zauna a tsakar gida ya ƙi cin abinci. Na tambaye shi lafiya, ya ce tun da muka tare a gidan nan taku ɗari biyu da goma sha biyu ne daga zaure zuwa ƙofar masallaci, yau kuma ya ƙirga ɗari da tamanin da bakwai. Na ce to ai alheri ne, masallaci ya matso. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce masallaci bai matso ba, tsohuwar gwiwa ce ta yi shekaru tana yi masa ƙarya.

Daga nan ya raɗa wa ƙafafunsa suna. Ta dama Injiniya, ta hagu da ba a canza wa gwiwa ba Maƙaryaciya. In ya zauna da baƙi sai ya miƙe ta dama, ya rufe ta hagu da babbar riga kamar abin kunya. Ya dami Najmuddeen da waya a mai da shi a cire ta hagun ma. Da aka ce likita ya duba hotonta ya ce lafiyarta lau, sai ya ce likita ƙashinta ya gani, shi kuwa halinta ya sani. Akwai ranar da na fito daga kicin na tarar da shi ya tanƙwashe ta hagu yana tsalle da ta dama a tsakar gida kamar mai wasan langa, wai yana son ya ji awon Injiniya ita kaɗai ba tare da an sa mata baki ba. A kan tabarmar shanyar kuɓewata ya ƙare. Allah ya tsare bai ji ciwo ba, amma ya hana ni gaya wa kowa.

Da abin ya tsaya a gida da ban rubuto miki ba. Wata safiya ya kira ni ya zaunar da ni, idonsa ya yi ja. Ya ce ya yi tunani, duk gonar da ya raba, da kason maza yake farawa da sanyin safiya, na mata kuma sai rana ta take, lokacin gwiwa ta ɗau zafi taku ya gajarce. Ke nan shekara da shekaru yana tauye mata bai sani ba. Ya ce ba zai tsaya gaban Allah da ƙasar marayu a wuyansa ba. Hajiya, hawaye yake yi. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, sau biyu na taɓa ganin hawayensa.

Ya ce gyara daga gida ake farawa. Gonar mahaifinmu da ke Bulkachuwa shi ya raba mana ita shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ni da Yaya Yunusa da ƙanwarmu Baturiya. Na Yaya ne a tsakiya, namu a gefe da gefe. Bai gaya wa kowa ba ya hau mota ya tafi, ya sake taka gonar, ya ce kason Baturiya ya gaza da taku tara. Nan take ya ari fartanya ya tumɓuke gambar da ke kan iyaka ya dasa ta cikin gonar Yaya, alhali gero ya riga ya tasa. Yaya ya zo ya tarar, ya ce masa, cikin ladabi dai don surukinsa ne, gonar ubanmu ba a Indiya aka raba ta ba. Ita kuma Baturiya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, ba ta taɓa ƙorafi ba ko sau ɗaya, amma yanzu ta ce dama ita ta daɗe tana ganin gonar ta yi mata kaɗan.

Don ya gamsar da Yaya, Malam ya koma mako na gaba ya sake awo a gabansu. An yi ruwa ƙasa ta yi taɓo, sai ya samu shida. Ya mai da gamba baya. Ya koma karo na uku ya samu goma sha ɗaya, ya sake tumɓuke ta. Ya ce duk aikin Maƙaryaciya ne, ita take ja wa Injiniya baya. Gambar dai ta gaji ta bushe. Yanzu babu iyaka kwata-kwata, kuma kaka ta kusa. Yaya ya ce duk wanda ya sa lauje a geron nan za su haɗu a kotu. Baturiya ta ce ita ma ta san hanyar kotun.

Labari ya bazu. Mata suna zuwa zaurenmu daga ƙauyuka suna neman a sake musu awo da sabuwar ƙafa. Maza kuma da suka saba tsayawa su gaishe shi a kasuwa sun fara canza hanya. Wani mai gari ya aiko a roƙe shi kada ya shigo musu sai bayan girbi. Shi kuwa ya ce gona arba'in da uku yake tunawa, kuma duk sai ya taka su.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar da na kira Yaya kan maganar ya kashe min waya, na ji a raina ina ma ciwon nan ya dawo masa ya zauna wuri ɗaya. Ni da na yi shekaru ina dafa masa ruwan gashi ina roƙon Allah ya ba shi lafiya. Tun ranar nake istigfari.

Hajiya, da gaske ne na'urar nan ba ta kuskure? In gaskiya ne, ke nan mijina ya cuci mutane shekara talatin? Bayan wa zan bi, Yaya ko Baturiya? Maƙwabciyata, wadda ta yi dariyar nan, ta ce in ɓoye masa takalma, amma na san shi, ba takalmi ma zai tafi.

Taki,
Matar mai awo, Azare.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ba zan ɓoye miki ba, na yi dariya a wajen langa da kuɓewa. Da na kai wajen hawayen Malam sai na daina. Mijinki mutum ne mai tsoron Allah wanda ya ɗauki magana ɗaya ta likita ya kai ta inda ba ta je ba.

Na tambayi wani likitan ƙashi kafin in ba ki amsa. Ya ce mutum-mutumin ba shi kaɗai yake aikin ba. Likita ne yake auna gwiwar ya tsara inda za a yanka, na'urar kuma ta taimaka masa kada ya kauce wa tsarin. A wannan kam tana da ƙoƙari, yawanci ta fi hannu kaɗai daidaita yanka da zaman ƙarfen, ko da yake ita ma ba ma'asumiya ba ce. Amma ko waɗanda aka yi wa aiki da ita sun fi sauran jin daɗin tafiya bayan shekaru, wannan har yanzu likitoci suna kan bincike. Abin da nake so ki riƙe shi ne, milimitar da aka faɗa wa Malam ta yankan ƙashi ce, kuma a ɗakin tiyata ta tsaya. Ba a sa masa ma'auni a ƙafa ba. Tsawon taku yana bin ƙugu da baya, da takalmi, da laushin ƙasa, har da ko mutum ya ci abinci. Takunsa ya ƙaru ne don ciwo ya tafi. Tara da shida da goma sha ɗaya a gona guda sun isa shaida, kuma ba laifin ƙafar hagu ba ne. Babu likitan kirki da zai cire gwiwa mai lafiya don mai ita yana fushi da ita.

Tsallen nan kuma a daina shi yau. Ki gaya wa Najmuddeen zancen faɗuwar ko Malam ya hana, a sa likita ya duba gwiwar. In ƙarfen ya motsa, aiki na biyu ya fi na farko wuya.

Yanzu a duba ɓangaren Malam, don damuwarsa ba shirme ba ce gaba ɗaya. Mai yiwuwa ne takun mai ciwo ya gajarce da rana, kuma mai yiwuwa ne wata ta samu ƙasa da haƙƙinta. Kada ki ce masa babu komai, ba zai yarda ba, kuma ke ma ba ki sani ba. Sai dai ya yi awon nan ne iyakar iyawarsa, a gaban magada da shaidu, kowa ya karɓa ya noma. Ki nemi malamin gado da yake jin maganarsa ya zauna da shi ya bayyana masa matsayin kuskuren da ba na ganganci ba. Matan da ke zuwa zaure kada a kore su. Duk mai ƙorafi na gaske a nuna mata hanyar mai gari ko alƙali, a kawo safiyo mai awon ƙasa da igiyarsa. Malam yana iya zuwa a matsayin shaida, don shi ya san tarihin gonakin. Amma ba shi da hurumin shiga gonar kowa ya taɓa iyaka, ko da da niyyar alheri ne.

Game da gidanku, kada ki bi bayan kowa, don su biyun duk suna da abin faɗa. Yayanki an shiga masa shuka ba sallama, dole ya ji zafi, kuma ya kamata Malam ya je har gida ya ba shi haƙuri. Baturiya kuma mace ce da marayu biyar da aka ce mata an tauye ta, ba za ki ce ta manta ba. Ki haɗa su gaban wani babba a danginku. Geron bana na wanda ya shuka ne. Bayan girbi a auna gonar da igiya sau ɗaya, su biyun su yi alkawari tun kafin a fara cewa za su karɓi abin da ya fito, a kafa dutse ko siminti a iyakar. Na san zuciyarki za ta ce ki yanka daga naki kason ki sayi zaman lafiya. Ki dakata sai an auna tukuna, kada ki biya abin da wataƙila babu shi.

Kada ki ɓoye takalma. Ki sa Najmuddeen ya aiko masa da tef ɗin awo mai tsawo, irin na magina. Mutumin da yake son daidai haka ba zai daɗe yana gardama da tef ba, kuma ina zaton cikin mako guda zai auna muku har murhu. Ki bar shi, wannan ba ya raba zumunci.

Abin da ya ɗarsu a ranki ranar da yayanki ya kashe waya, gajiya ce ta yi magana. Kin yi istigfari, ya wuce, kada ki ci gaba da hukunta kanki. Mijinki ya yi shekaru yana ƙirga taku don mutane su rabu lafiya. Ki nuna masa cewa yanzu yana da ƙafar zuwa gaishe su kawai, ya sha ruwa ya dawo gida.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya a ƙafa biyun duka, ya daidaita tsakanin 'yan uwanki, ya kai ku kaka cikin kwanciyar hankali.

Hajiya Mas'uda