Idon Baba Bai Yi Ƙarya Ba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da yara. In ka ga rubutuna ya karkace ka yi haƙuri, dalilin yana tafe.

Wata huɗu ke nan ina tangaɗi a shagon ɗinki. In na ɗago kai daga keke, idona sai ya yi ta rawa kafin ya tsaya, har abokan aiki suna tsokanata wai na koyi harara. Da na je asibiti, likita ta ɗaga biro ta ce in bi shi da ido kada in juya kai. Idona ya bi yana tsalle, ya zarce, ya dawo. Sai ta tambaya ko akwai mai irin tafiyata a gidanmu. Yaya, nan take Baba ya faɗo mini a rai.

Na kai mata Baba, aka ɗebi jininmu. Ciwon gado ne, yana taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita tafiya da motsin ido. Ba shi da magani, sai gashin ƙashi da motsa jiki. Amma wallahi da murna na fito!

Ka tuna ranar da aka kori Baba daga masana'anta wai mashayi ne? Ka tsare shi a ƙofar falo ka ce ya dube ka ya rantse. Ya rantse, idonsa ya ƙi tsayawa a kanka, ka ɗauki jakarka ka tafi. Shekara goma sha biyu ke nan. Ciwo ne, Yaya. Baba bai taɓa kai kwalba bakinsa ba.

Sau uku ya sa na karanta masa takardar likita. Ya ce ba ruwansa da maƙwabta, kai yake so ka gani. Ga kwafinta nan a ciki.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan ka sauka lafiya, mun ji daɗin zuwanka gida. Yaya gajiyar hanya?

Tun tafiyarka Baba ya hana a sauke takardar likitan da ya manna a bango. Jiya tsohon shugabansu na masana'anta ya zo da ƙafarsa neman gafara. Baba ya bar shi tsaye sai da ya karanta ta har ƙasa, sannan ya ce a ba shi kujera. Na yi dariya har da hawaye.

Ni kuwa na koma shago ina dogara sanda, zare ne kawai ake zura mini a allura. Kai ma ka daure ka je gwajin nan, ka bar taurin kai.

Na gan ku ta taga ranar da ka durƙusa gabansa ka riƙe fuskarsa da hannu biyu. Idonsa har yau bai tsaya ba, amma wannan karon kai ka tsaya.

A gaida yara. Allah ya bar mu tare.

Taka har kullum,
Auta