Tsohuwa Ta Ƙi Riƙe Bel

Zuwa ga Yayana, sarkin bakanikai, mai baƙin farce,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da matarka da tumbinka. Inna tana gaishe ka. Ta ce in ce maka tana cin abinci. To na faɗa, amma ba ta ci.

Yaya, Tsohuwa ce ta sa ni ɗaukar alƙalami, wato ƙaramar taraktar yankan ciyawar nan da Baba ya yi shekaru yana hawa a gidan saukar baƙi. Ka san bayan rasuwarsa Manaja ya ba ni aikinsa, shi ya sa ba a tashe mu daga ɗakunan baya ba. To tun da na hau ta, ba ta yarda da ni ba. Inji lafiya lau. Amma da na ja hannun da ke juya wuƙaƙe, kafin in kai gindin tankin ruwa sai ka ji fat, bel ɗin robar da ke juya su ya sauka. In mayar, ya sauka. Wani ma tsinkewa ya yi, ya tashi kamar maciji ya dira gaban maigadi, har yanzu bai gama salati ba.

Manaja ya ce ni nake cirewa don in samu hutu. Ka ji sharrin suna. Don mutum ya taɓa sa ƙadangare a takalmin maigadi, shi ke nan ko inji ya yi tari sai a ce shi ne. Ya ce in ciyawa ta kai ƙarshen mako a haka, lokacin da manyan baƙi za su sauka, zai kawo wani ma'aikacin, mu kuma mu kwashe kayanmu. Kai ka sani, Inna ba za ta fita da ƙafarta daga ɗakin da Baba ya cika ba.

Wani abu kuma, kada ka yi dariya. Duk sanda na buɗe rumfar da ake ajiye ta, warin man zafin da Baba ke shafa wa gwiwarsa nake ji, sabo, kamar yanzu ya tashi daga kujerar. Inna ta ce ƙarfe ma ya san mai shi.

Ka aiko da dabara. Ka huta lafiya.

Ƙaninka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, kowa lafiya. Ka gaishe da Inna, ka roƙe ta da sunana ta riƙa cin abinci.

In wasan da ka saba ne, ka bari, ba lokacinsa ba ne. In kuwa da gaske kake, ka kashe injin, ka zare makulli, sannan ka duba. Ka gwada sabon bel da tsohon, ko tsawonsu ɗaya. Ka juya faya-fayan ƙarfen da bel ke zagayawa a kansu da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara ko yake rawa, shi ne. Ka ƙwaƙule busasshiyar ciyawar da ta daskare a ƙarƙashi. Akwai kuma ƙaramin faifai da sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, ke ja, shi ne ke ɗame bel. Ka tabbatar sifirin bai saki ba.

Zancen wari kuwa, soson kujera ne ya sha mai shekara da shekaru. Kada ka ƙara wa Inna tunani.

A wurin aiki an hana ni tafiya a wannan watan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya dafa muku.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na bi umarninka kamar ranar da malaminmu na allo ya sayi sabuwar bulala.

Bel daidai yake. Faya-fayan sun fi ni lafiya. Ciyawar da na ƙwaƙulo za ta ciyar da akuya har ta haihu. Daga nan, bayan la'asar, na karanta Falaƙi da Nasi, na kwanta na cusa kai ƙarƙashin Tsohuwa ina neman sifirin ɗinka.

Yaya, babu shi. Ba saki ya yi ba, babu shi sam. Ƙugiyar da ake rataya shi ta yi tsatsa, har gizo-gizo ya yi gida ya aurar da 'ya'yansa a wurin. Ya yi shekara da shekaru da faɗuwa. Na ce to da me Baba yake ɗame bel ɗin duk tsawon lokacin nan?

Sai na bi hannun ƙaramin faifan da ido. Ƙarshensa ya leƙo ta gefen hagu, gaba da matakin ƙafa. Ko'ina na Tsohuwa datti ne da tsatsa, ban da wurin nan. Yana ƙyalli kamar cokali, har ya ɗan lotsa. Na hau kujerar, na miƙe ƙafar hagu yadda Baba ke yi, na karkata. Diddigena ya faɗa cikin lotsawar kamar ƙafa a tsohon takalmi. Na danna, na ji bel ya ɗame.

Na waiwaya ban san me nake dubawa ba.

Baba ne sifirin, Yaya. Mu muna cewa gwiwarsa ce ba ta lanƙwashewa, shi ya sa yake miƙe ƙafar. Yanzu ban sani ba. Gwiwar ce ta sa shi miƙewa, ko Tsohuwa ce ta cinye gwiwar? Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Wataƙila tsoro ya ji kada Manaja ya ce injin ya tsufa, mai shi ma ya tsufa.

Na zaga shagunan kayan gyara, sun ce an daina yin irinsa tun ina cikin tsumma. Ka gaishe da tumbin.

Auta

*

Auta,

Na karanta saƙonka a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Ni da ake kira bakanike, na sha cin abinci a gefen injin nan ban taɓa sunkuyawa ba.

Na samo sifirin da zai yi, na ba direban da ke zuwa wajenku, amma sai farkon mako zai taso. Ka je ka roƙi Manaja ya yi haƙuri. Kada ka kuskura ka hau ta yadda Baba ke yi. Tsakanin diddigenka da wuƙa bai kai taƙi ba. Na san ka iya kwaikwayonsa, har duka ka sha a kan haka, amma wannan ba wasa ba ne. Na hana ka.

Allah Ya tsare.

Yayanka

*

Yaya,

Sallama. Ka yi haƙuri, na hau. Na roƙi Manaja, ya ce baƙi ba sa jiran direba.

Tun hantsi na fara, ƙafa a miƙe, jiki a karkace. Bel bai motsa ba. Tsohuwa tana ta wani irin gunji mai laushi da ban taɓa ji ba a hannuna. Maigadi ya hango ni daga ƙofa, ya saki butarsa ya shige ɗakinsa. Da a da ne, da na yi mako ina yi masa dariya.

Da na juyo ta bayan ɗakunanmu, sai ga Inna ta fito, wadda rabonta da ƙofa tun rasuwar. Ta ɗauko kofin Baba, ta cika shi da ruwa. Na kashe injin na sauko, ƙafar ta sandare, na nufo ta ina ɗingishi, wallahi ba da gangan ba. Ta durƙusa ta miƙo kofin, ta ce, "Sannu da aiki, Malam. Yau ka daɗe."

Na buɗe baki in ce Inna ni ne, sai na ga fuskarta. Na karɓa na shanye.

Manaja ya ce filin bai yi kyau haka ba tun bayan Baba, mu zauna abinmu. Inna ta ci abinci har da ƙari. Da safe ta tambaye ni, "Auta, yau ma za a yi yanka?" Ban san wa take nufi zai yi ba.

Auta

*

Yaya,

Direba ya zo ba na nan. Ya rantse a hannun Inna ya danƙa sifirin. Ita kuma ta ce babu abin da ya zo.

Ciyawa ta sake tasowa, ta riga ta wanke kofin. Yau da asuba na kasa lanƙwashe gwiwata a sujada.

Ka zo, don Allah.

Auta