Kaset ɗin Inna

Keita, 9 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga yayana Yoshuwa,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da Hasana da yara. Yaya zafin Madawa? Mu nan sai godiya, an fara yankan hatsi. Baba yana nan, idanun ne dai kullum suna ƙara duhu.

Bayan haka, direban da ka ba saƙo ya kawo mini 'yar rakodata da kaset ɗin Inna. Na sa, babu waƙa ko ɗaya, sai wata ƙara kamar ta fanka. Na ce ko pil ne, wato batir, na sayo sababbi. Na goge kan rakodar da auduga da alkol, na juya ɗaya gefen, duk ɗaya. Mijina Irmiya ya kai ta Tamaske wurin Rabo mai gyara, ya ce rakoda lafiyarta lau, kaset ɗin ne aka ɗauki wani abu a kansa.

Kai ka matsa mini, ka ce in ka haɗa ta da ordinatar bironku, wato kwamfutar ofishinku, waƙoƙin za su zauna har jikoki. Ka san ni na ɗauke su a bakin gadonta kafin ta rasu, kuma ka san babu wani kaset bayan wannan. To ka duba cikin na'urar taku ka maido mini da su. Baba ya saba jin su bayan tuwon yamma. Na ce masa rakoda na wurin gyara.

Ƙanwarka,
Jemima

Keita, 2 ga Nuwamba, 1998

Yaya Yoshuwa,

Ina gaishe ka, ina gaida Hasana. Ina fatan tarin ɗanka Jonatan ya yi sauƙi.

Na ga takardarka. Wai ordinata ba ta riƙe komai ba, wai laifina ne da ban ɓalle 'yan kunnuwan kaset ba don kada a goge shi. Ashe ni ce mai laifin! Ni da ban wuce ajin firamare ba, ni zan koya wa mai aikin biro bambancin jan maɓalli da baƙi?

Na zauna na saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, ko zan tsinci ko da baiti guda. Bayan ƙarar fankar sai ga muryarka. Kai ne da abokinka Alƙasim, kuna cin gyaɗa, kuna gardamar ƙwallo, kana dariya. Rabo ya bayyana mini: jan maɓallin ka danna, rakodar ta yi ta ɗaukar hirarku tana cinye muryar Inna. Da gefen ya ƙare ka juya ka sake dannawa. Har na ji ka ce wa Alƙasim waƙoƙin tsofaffi ne, ba sai kun saurara ba.

Sabuwar rakodar da ka aiko da kaset-kaset na mawaƙan birni, ga su nan na ba direba ya maido maka. Cikinsu wa ya goya ka? Matan zumunta na coci sun zo sun rera mini abin da suka tuna, sun yi ƙoƙari, amma wadda Inna ta tsara lokacin yunwa babu mai iya kai ta ƙarshe.

Na gaji da yi wa makaho ƙarya. Ka shigo mota ka zo ka faɗa masa da bakinka.

Jemima

Keita, 6 ga Disamba, 1998

Yoshuwa,

Da fatan kowa lafiya a gidanka. Mu ma muna nan.

Tun da ba ka zo ba, ga abin da ya faru. Ranar Laraba na tafi addu'ar mata, Baba ya lalubo rakodar a ƙarƙashin tufafina ya kunna. Na dawo na tarar da shi zaune bakin rumbu, dariyarka ta cika gidan. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage maka ko kalma ba.

Na miƙa hannu zan cire kaset ɗin in jefa a murhu, ya riƙe ni. Ya ce Salome matarsa tana rera waƙarta inda ta fi nan, zai same ta ba da jimawa ba. Amma ɗansa da ke nan kusa, rabon da ya ji dariyarsa tun kafin jana'izarta. Ya ce in mayar daga farko.

Yanzu kullum bayan tuwo gardamar ƙwallonku muke ji. Ya haddace ta, har yana goyon bayanka a kan Alƙasim. Ni nake saya masa pil, ni nake juya masa gefe, sannan in tashi in bar wurin.

Shi ya yafe. Ni ban yafe ba, kada ka aiko Hasana ta roƙe ni. In ka zo Kirsimeti za ka sami tuwo da shimfiɗa, amma kada ka taɓa rakodar nan.

Jemima