Libarbar Baba Ta Ƙi Dogon Harsashi

Ƙanena Zarghun,

Gaisuwa daga Karachi. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya haƙurin rashin 'yarka Palwasha? Allah ya sa mai ceto ce.

Ni lafiya lau. Ina gadin ƙofar masaƙa, tsaye nake yini, ƙafafuna sun kumbura, amma ba komai.

Inna ta ba ni labari a waya. Ranar da na bar maka libarbar Baba na ce, in ka harba gajerun harsasai ka goge ramukan da ake zura su, don dauɗar albarushi tana yin zobe ta hana dogaye shiga. Ka ce, "Haba Yaya, bindiga ce ko amarya?" Ka ƙarar da gajerun a bikin mutane, kana harba sama ana yi maka guɗa. Da mahaukacin kare ya danne Palwasha, dogo ya ƙi shiga. Kana ta kiciniya, matarka ta kashe shi da fartanya.

Ga burushi da mai na aiko. Ka goge libarbar tas, ka miƙa wa matarka. Kai ka riƙe fartanyar.

Yayanka,
Torialai